Muryar Zuala Ranar Alhamis

Alhamis, 5 ga Yuni, biyar da rabi na yamma

A bayan littafin awon ɗinki nake rubuta wannan, don shi ne a kusa. Tun shekaranjiya duk wanda na buɗe baki zan yi wa magana a gidan nan, ko ya fashe da kuka ko ya jawo mini aya.

Ruwa bai tsaya ba. Gajimare ya sauko ya zauna a unguwa, ko rufin gidan da ke ƙasanmu ba a gani. Rabin garinmu Aizawl kamar an goge shi da tsumma.

Ƙanena Zuala ya tafi kudu ranar Asabar, wani ƙauye bayan kogin Mat, wajen wata tsohuwa da ta haura casa'in. An ce ita kaɗai ta rage mai tuna wata waƙar majami'a ta zamanin kakanninmu, shi kuma yana so ya rubuta ta kafin ta tafi da ita. Talata da safe ya shiga motar haya zai dawo, su tara a ciki. Masu labarai suna da sunan da suke ba abin. Ni dai abin da aka gaya mini, da safe akwai hanya a jikin dutsen, da rana babu. Mazan unguwarmu arba'in suna can da shebur da igiya.

Amma ba wannan na zauna rubutawa ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan Zuala yana da shafinsa a intanet, Ɗakin Muryoyi. Yakan ɗauko tsofaffin waƙoƙin majami'a na Turai, masu shekara ɗari biyu, ɗari uku, ya juya su zuwa rubutun do-re-mi da mutanenmu suka iya karantawa. Sannan ya shiga ɗakinsa ya rera kowace murya shi kaɗai, ta ɗaya da ta biyu na mata, ta uku da ta huɗu na maza, don ƙungiyoyin mawaƙan ƙauye da ba su da mai koya musu. Kowace Alhamis ƙarfe huɗu yake ɗora sabuwa. Ko ranar da aka binne babanmu bai fasa ba.

Yau falo cike yake da masu zuwa zama da mu, ana ta zuba shayi da mazarƙwaila. Ƙarfe huɗu daidai wayoyi bakwai suka yi ƙara lokaci guda. Duk 'yan ƙungiyar mawaƙanmu ne, sanarwar shafinsa ce ta shigo musu. Kowa ya ciro tasa, kowa ya duba, ba wanda ya ɗago kai. Ni ce na danna.

"Murya ta ɗaya, daga farko. Ɗaya, biyu."

Ya ƙanƙance murya kamar ɗan akuya, yadda yake yi in zai rera ta mata, yadda nake masa tsiya a kai kullum.

Nu, mahaifiyarmu, ta juyo daga kujerarta. Shekararta tamanin da uku, kwanakin mako sun fara kuɓuce mata. Ta ce, "To ku ce masa ya hawo mana, shayinsa zai huce."

Upa Hranga, dattijon majami'armu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kafin ya tafi ya tsara shi, Diki. Ana yin haka. Ka ajiye abu, ka gaya wa na'ura ranar da za ta sake shi."

Na ce na sani. Ban sani ba.

Matar Zuala, Mawii, ba ta cikinmu. Tana ɓangarensu a ƙasa, an ce ta kwanta.

Juma'a, 6 ga Yuni, takwas na safe

Sun samo taya ɗaya da buhun citta. Ruwa bai tsaya ba.

Lahadi, 8 ga Yuni, bayan sujada

Ban hau benci na mawaƙa ba. Shekara talatin da huɗu ina murya ta biyu a wurin nan, layi na biyu, gefen taga. Yau na zauna a baya da tsofaffi. Fasto ya karanto sunaye tara, na Zuala ne na shida. Na ƙirga, ban san me ya sa ba.

Na sauka na kai wa Mawii shinkafa da miyar ganyen kabewa. Matakala ashirin da biyu ce tsakanin ƙofarmu da tasu, duk sun yi gansakuka. Na same ta zaune a bakin gado da rigarsa ta sanyi a jikinta. Ƙofar ɗakin da yake ɗaukar murya a rufe, ɗakin nan da ya manne bangonsa da kwalayen ƙwai har Nu take kiransa akurki.

Na ce, "Kin san kalmar sirrin shafin?"

Ta ce, "U Diki," yadda ake kiran yaya a yarenmu, "kin san shi da kayansa. Ko ƙurar tebur ba ya bari in goge."

"Waƙa nawa ya tsara ya bari?"

"Ina zan sani?"

Ba ta taɓa abincin ba. Ni ma ban ci nawa ba.

Na dawo na buɗe shafin a waya, na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin waƙar. Namu na gida duk addu'a suke yi da yarenmu. Sai Mista Bagchi, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa a Kolkata. Ba Kirista ba ne, ba ya waƙa, ba su taɓa haɗuwa ba, amma shekara takwas ke nan ba Alhamis ɗin da ba ya yi wa Zuala gyara da Turanci. Ba ya jin yarenmu, don haka bai san komai ba. Ya rubuta: "Ɗan'uwa, ka cika sauri a layi na goma sha biyu. Jirgi za ka kama?"

Na yi dariya har da ƙara. Sai na tashi na shiga bayi na yi amai.

Talata, 10 ga Yuni, shida na yamma

Masu nema sun dawo. Kwana bakwai ake yi a al'adarmu, sun cika. Sun hawo titi a jere, laka har ƙugu, ba mai magana. Huɗu aka samu, biyar ba a samu ba.

Upa Hranga ya zo da dattawa biyu. Aka kira Mawii ta hawo. Ya daɗe yana juya kofin shayi kafin ya ce sai a sa ranar da za a yi abin da ake yi wa wanda ba a samu ba. A ajiye hotonsa a tebur, a shimfiɗa zane, a buga ganga, a yi waƙa da addu'a, a rufe magana. Tunda Nu ba ta iya yanke shawara, ni ce babba.

Na ce, "Mutum bai gama aikinsa ba za ku rufe masa magana?"

"Diki, na ga wurin da idona."

"Kun ga ƙasa, Upa. Shi kun gan shi? Akwai ƙauyuka a ƙasan kogin da ba waya. Mutum yana iya karyewa, wani ya ɗauke shi."

Ya juya ga Mawii. "Ke fa, 'yata?"

Ta ce, kanta a ƙasa, "Yadda U Diki ta ce."

Ni na goya shi. Shekara tara na ba shi. Ni na koya masa do-re-mi da gawayi a bangon kicin. Ba wanda zai gaya mini kwana bakwai.

Alhamis, 12 ga Yuni, huɗu da kwata

Ta zo. Ƙarfe huɗu daidai.

"Murya ta biyu. U Diki, a nan kike faɗowa kullum, ki ja numfashi kafin ki hau. Sauran jama'a ku yi haƙuri, da yayata nake."

Ya yi ɗan tari a tsakiya, ya ce a gafarce shi.

Alhamis ɗin dai, bakwai na yamma

Sau goma sha huɗu na saurara. Na ci abinci, har na ƙara. Gobe zan buɗe shago.

Asabar, 14 ga Yuni, uku na rana

Nu tana ajiye masa faranti kullum. Na bar ta.

Yau na dawo daga kasuwa ta ce mini, "Kin yi saɓani da shi."

"Da wa?"

"Ɗazu ya tsaya a kan matakala, jiƙe sharkaf. Na ce ya shigo, ya ƙi. Wai kada ya ɓata miki ƙasa kin yi shara."

Na ajiye kwando na fita na duba. Matakalar a jiƙe take. To ruwa ake yi, komai a jiƙe yake. Na ɗauko tsintsiyar kwakwa na goge dukkan ashirin da biyun, tun daga sama har ƙofar Mawii. Da na kai ƙasa na ji kamar ana motsi a akurkin. Na kira sunanta, shiru. Na hawo.

Litinin, 16 ga Yuni, tsakar rana

Na ɗinka hannun riga a wuya. Na farke. Na sake ɗinka shi a nan.

Laraba, 18 ga Yuni, bakwai na yamma

Na je koyon waƙa. Taron majami'u na watan Agusta yana nan, ba za a ɗage shi saboda mu ba. Ba mai koyarwa, sai aka jona waya da lasifika aka saki muryarsa a zauren. Ya ƙirga ɗaya, biyu, muka shiga. Ba mu kai rabi ba matar da ke gefena ta ɗauki laimarta ta ce, "Ni dai ba zan iya ba. Tsigar jikina tashi take." Mutum shida suka bi ta.

A bakin ƙofa na ji biyu daga cikin masu murya ta huɗu suna tauna kuhva, goron ƙasarmu, suna hira, ba su gan ni ba.

"Kai, wanda ya riga ya... ba ya ɗora waƙa a intanet."

"An ce a tashar shayi ya sauka kafin a kai wurin."

"To yana ina?"

"Ka tambayi 'yan matan garin Champhai. Mai murya huɗu ai ba zai rasa gida biyu ba."

Suka yi dariya. Da suka gan ni ɗaya ya haɗiye kuhvarsa gaba ɗaya, ya kama tari.

Ya kamata in ji haushi. Ƙanena ko giya bai taɓa sha ba. Amma duk hanyar gida ina ta roƙon Allah ya sa gaskiya ne. Ya sa ɗan iska ne, maƙaryaci, yana can Champhai a ɗakin wata yana cin naman hayaƙi. Zan je in kamo shi da kunne in mare shi a tsakiyar kasuwa.

Iyalan sauran huɗun duk sun yi nasu taron. Mu kaɗai muka rage.

Alhamis, 19 ga Yuni, biyar na yamma



Na ce yau tare da Mawii zan saurara, kada ta ji shi ita kaɗai. Huɗu saura minti biyar na sauka. Ƙofarsu a buɗe, falo ba kowa. Ƙofar akurki a rufe, amma akwai haske ta ƙasa. Na tsaya. Na ji kujerarsa ta yi ƙara, wannan kukan da take yi in ya jingina. Na ji an danna abu, ƙyas. Sai wayata ta yi ƙara a hannuna.

Na tura ƙofar.

Mawii ce a kujerar, da rigarsa ta sanyi, kwamfutarsa a buɗe a gabanta.

Muryarsa tana fita daga wayata, murya ta uku, daga farko.

Na ce, "Ke ce."

"U Diki, zauna."

"Tun ta farko ke ce?"

Ta ce bai tsara komai ba, bai taɓa tsarawa ba, da hannunsa yake ɗorawa kullum. Tun watan Afrilu ya ɗauki muryoyin waƙar ya ajiye. Kalmar sirrin kuwa a rubuce take a ƙarƙashin tebur.

"Alhamis ta farko ina kwance ina kallon agogo," in ji ta. "Na ga huɗu za ta buga ba komai. Na kasa. Sau ɗaya kawai na yi niyya, wallahi sau ɗaya."

"Da ta biyun fa? Wadda ya kira sunana?"

"Kwana tara ba ki ci abinci ba. Ranar na jiyo ki ta rufi kina kankare tukunya."

"Kin mai da ni mahaukaciya a gaban dattawa! Kina zaune ina ce musu yana raye, kin yi shiru!"

"Me zan ce? Ke ce yayarsa, ke ce babba, ke kika goya shi. Ni matarsa ce kawai ta shekara goma sha tara. An taɓa tambayata ina so in yi kuka?"

Na juya ga kwamfutar.

Na ce ta nuna mini ko akwai abin da ke jiran fita. Ta nuna, babu. Na ce a canza kalmar sirri. Ta buɗe wurin, ta juya baya, na rubuta sabuwa da yatsa ɗaya, kalmar da ni kaɗai na sani. Na cire wayoyin kwamfutar, na rungumo ta na hawo, na sa a akwatin ƙarfe na Nu a ƙarƙashin zannuwa. Na kulle. Makullin yana wuyana.

Juma'a, 20 ga Yuni, safe

Ba mu yi magana ba. Na goge matakala.

Lahadi, 22 ga Yuni, biyu na rana

Na gaya wa Upa Hranga a sa rana. Asabar biyar ga Yuli, don dangi na kudu su sami hanya in an buɗe. Ya tambayi abin da ya sauya mini ra'ayi. Na ce waƙoƙin da ya bari sun ƙare. Ban ambaci Mawii ba. Ba zan ambace ta ba.

Ya ce, "Kin yi ƙoƙari." Na ce ya daina.

Talata, 24 ga Yuni, yamma

Na kai mata abinci na ajiye a bakin ƙofa. Da safe na sami kwanon a bakin tawa ƙofar, a wanke, da ayaba biyu a ciki.

Alhamis, 26 ga Yuni, shida na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba ƙari.

Mawii ta zo shago wajen uku da rabi. Tana so in ɗinka mata rigar da za ta sa ranar taron, duk nata sun yi mata yawa. Ba mu yi maganar makon jiya ba. Na ce ta ɗaga hannu. Ta shimfiɗa hannuwanta biyu, na zagaya tef a ƙirjinta, ina cewa ta rame kamar sandar rake. Jakarta tana kan teburin yanka, wayarta a ciki. Tawa tana kusa da keken ɗinki.

Dukansu biyu suka yi ƙara.

Agogon bango ya ce huɗu.

Hannuwanta suna nan a shimfiɗe. Na ga gashin hannunta ya miƙe. Ta ce, "Ba ni ba ce." Na ce, "Na gani." Na taɓa wuyana, makulli yana nan.

Sabuwar waƙa ce a shafin, ba ta da suna, ba rubutun do-re-mi a tare da ita. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in. Ba a akurki aka ɗauke ta ba. Akwai ƙugin inji, mota tana hawan tudu. Ruwa yana dukan rufin ƙarfe. Wata mata tana dariya a baya, kaza tana ƙorafi a cikin kwando. Sannan shi, bakinsa dab da waya, ƙasa-ƙasa don kada ya dami mutane. Bai ƙanƙance murya ba. Yana rera wani amo da ban taɓa ji ba, mi, mi, re, do, a hankali, ya tsaya, ya gyara, ya sake.

Sai ya ce, "U Diki, taki ce wannan, murya ta biyu. Kada in manta ne. Ta ɗayan tana takarda a aljihuna, in na iso sai..."

Wani namiji a gaba ya ce, ba da tsoro ba, kamar mai tambayar sunan tsuntsu, "Direba, mene ne wancan?"

Shi ke nan.

Muka rufe shago muka hawo gida da gudu cikin ruwa, mata biyu masu furfura. Akwati a kulle. Kwamfutar tana ƙarƙashin zannuwa yadda na sa ta, ba caji, ko kunnuwa ta ƙi yi.

Nu tana kallonmu daga kujera. Ta ce, "Ku cire kayan nan, za ku yi mura."

Juma'a, 27 ga Yuni, tsakar rana

Upa Hranga ya raka mu wajen 'yan sanda. Jami'in ya saurara sau biyu, na biyun ya cire hularsa. Ya yi waya nan da can. Ya ce layin Zuala bai sake motsi ba tun ƙarfe goma da minti bakwai na safiyar Talatar nan.

Na ce, "To ta ina ta biyo?"

Ya ce wani lokaci saƙo yakan maƙale a hanya, kamar mota, sai daga baya ya wuce.

Mawii ta ce, "Kwana ashirin da uku? Kuma ya jira Alhamis ƙarfe huɗu?"

Ya duba Upa. Upa ya duba laimarsa.

A hanya Upa ya ce gara a cire ta daga shafin, mutane suna tsorata. Na ce ba zan cire ba. Mawii ta ce ita ma. Karo na farko ke nan da muka faɗi abu ɗaya ba don ɗaya ta bi ɗaya ba.

Asabar, 28 ga Yuni, safe

Wani ya yi wa Mista Bagchi bayani da Turanci. Ya rubuta layi biyu. "Ku gafarce ni. Bai taɓa yin sauri ba, amsoshinsa nake so."

Ruwa bai tsaya ba.

Lahadi, 29 ga Yuni, biyar na yamma

Amon ya ƙi fita daga kaina. Ina tsince shinkafa a kicin ina rera shi, mi, mi, re, do. Murya ta biyu ita kaɗai ba waƙa ba ce, rabin gada ce. Tana tafiya tana barin wuri ga wani abu da babu.

Sai na ji an cike wurin.

Nu ce, daga falo. Muryarta ta tsufa, tana karkarwa, amma ta hau kan tawa daidai kamar murfi a tukunya. Har da kalmomi.

*Kogi ya cika, ba na jin tsoro,*
*mai kwalekwale ya san sunana.*

Na tsaya, ta tsaya. Na fara, ta fara. Matar da ba ta tuna ko ta ci abincin rana ta kawo baiti huɗu ba gargada.

Na ce, "Nu, a ina kika san ta?"

"Kakarku take yi in tana sussukar shinkafa. Ke ba ki iya komai ba, sauri kike yi."

Na ƙwala wa Mawii kira ta taga. Ta hawo da fensir, Nu tana rerawa tana rubuta do-re-mi, tana gogewa, tana sakewa. Bayan nan muka samu faston ƙauyen tsohuwar a waya, ya hau tudu inda ake samun layi. Na karanta masa baitin farko. Ya ce ita ce. Ya ce ranar Litinin na'urar Zuala ta ƙi aiki saboda danshi, a takarda ya rubuta, ya ninke ya sa a aljihun riga. Ya tafi yana cewa zai yi mata sauran muryoyin a hanya.

Ɗaya ya samu ya yi.

Ranar Asabar da murya biyu za mu rera ta. Maza su yi shiru, ko su bi ta ɗaya. Upa ya ce ba a saba ba. Mawii ta ce to a saba.

Talata, 1 ga Yuli, rana

Na gama rigar Mawii. Na zaɓi hoto. Wanda yake dariya, haƙorinsa na gaba a karye.

Laraba, 2 ga Yuli, yamma

Gobe Alhamis. Ba wadda ta ambata, ni ko ita.

Alhamis, 3 ga Yuli, biyar da minti ashirin

Uku da rabi na sauka. Mawii ta riga ta share akurki, ta kawo kujera ta biyu. Muka ajiye wayoyinmu a kan teburinsa, gefe da gefe. Ta dafa shayi, ba wadda ta sha.

Ta ce, "In ta zo fa?"

"Mu saurara."

"In ba ta zo ba?"

Ban san wanne nake tsoro ba. Saura murya ta uku da ta huɗu, na yi ta gaya wa kaina. Mutum ne da ba ya barin aiki rabi.

Huɗu saura biyar ta kama hannuna. Tafinta sanyi ƙalau.

Huɗu ta yi. Agogon majami'a ya buga, muka ƙirga tare da shi.

Huɗu da biyar. Na duba ko layi ne ya ɗauke, yana nan cike. Huɗu da kwata wayar Mawii ta yi haske, muka zabura, ashe ƙanwarta ce take tambayar kujeru nawa za a kawo. Huɗu da rabi. A waje wata mata tana kiran kajinta.

Biyar saura kwata Mawii ta kifa kanta a teburin, ta yi kukan da na hana ta wata guda. Na riƙe ta. Rigarsa ta daina ƙamshinsa, ƙamshinta take yi.

Zan rubuta shi yanzu.

Zuala ya mutu. Ƙanena Thanzuala ya mutu ranar Talata uku ga Yuni, da safe, a hanyar kudu, yana da shekara arba'in da bakwai. Ƙasa ta zafto ta binne motarsu. Ba za mu sami gawarsa ba.

Alhamis, shida da rabi

Na hawo na durƙusa a gaban kujerar Nu. Na kama gwiwoyinta. Duk hanyar matakala ina shirya yadda zan faɗa mata a hankali, da na zo sai ya fito tsirara.

Na ce, "Nu, Zuala ba zai dawo ba. Ya mutu."

Ta daɗe tana kallona. Idonta tar, kamar na da. Ta sa hannu ta gyara mini gashin da ya zubo a goshi.

Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ke muke jira."